Me ya sa broila ke ci amma ba ta nauyi?

Tambayar da aka fi yi min ita ce: "Malam, kajina na ci sosai, amma nauyi shiru." Ga amsar da nake bayarwa.

Duk abin da kaza ta ci, jiki ne ke fara cire rabonsa na numfashi, ɗumi da motsi. Ragowar ce ke zama nama. Idan sanyin hunturu ya shiga ɗakin, 'yan tsaki a ɗumama jiki za su ƙone abincin, shi ya sa a makon farko suke buƙatar ɗumi digiri 32 zuwa 35. Da bazara kuwa, kaza ba ta gumi, sai ta yi ta haki ta rage ci. Ku zuba abinci da sassafe da yamma, kada ruwa mai sanyi ya yanke.

Sannan furotin ke gina nama: sitata kusan kashi 22 cikin 100, finisha 18 zuwa 19. Mai ƙara dusa don buhu ya daɗe, zai cika cikin kaza, sikeli bai motsa ba, kwanakin kiwo su ƙaru.

Ku riƙa auna kaji goma duk mako, ku rubuta.