Tasirin Imani da Halin Zuci wajen Jure Ciwon Daji

1.0 Gabatarwa

Maganar da aka fi faɗa wa mai ciwon daji ita ce ya ƙarfafa zuciyarsa. Wannan maƙala ta dubi abin da ƙarfin zuciya ke iya yi wa majinyaci, da kuma inda ikonsa ya tsaya, domin haɗa su wuri guda na iya jawo wa majinyaci cutarwa.

2.0 Halin Zuci da Tsawon Rai

A shekarar 1979 Steven Greer da abokan aikinsa a Landan suka wallafa bincike a mujallar The Lancet kan mata 69 masu ciwon dajin mama. Sun kasa martanin matan kashi huɗu: masu zuciyar faɗa da ciwon, da masu musun cewa suna da shi, da masu rungumarsa cikin dangana, sai masu yanke ƙauna. Bayan shekara 5, kashi biyun farko sun fi sauran tsira. Wannan sakamako ya yi wa mutane daɗi, ya kuma yaɗu fiye da ƙarfin hujjarsa, domin mata 69 sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu.

Da Maggie Watson da tawagarta suka sake gwada batun da mata 578 a shekarar 1999, ba su ga zuciyar faɗa ta ƙara wa kowa kwana ba. Abin da suka gani shi ne yanke ƙauna na tafiya tare da dawowar ciwon ko mutuwa. Haka ta faru da binciken David Spiegel na 1989, wanda ya nuna matan da ke zaman tattaunawa da 'yan'uwansu majinyata sun fi daɗewa a raye. Pamela Goodwin ta maimaita shi a Kanada a 2001 da mata 235: tsawon rai bai sauya ba, amma damuwa da raɗaɗi sun ragu. Wannan raguwa ba ƙaramar riba ba ce ga wadda ke kwana ido biyu, sai dai ba ita ce warkewa ba.

Likitar ƙwaƙwalwa Jimmie Holland ta ja hankali ga illar tilasta wa majinyaci fara'a. Idan aka ce masa ƙarfin hali ne magani, ranar da ciwon ya ci gaba sai ya ɗora wa kansa laifi, ya kuma riƙa ɓoye tsoronsa ga iyalinsa.

3.0 Inda Imani ke Aiki

Tasirin imani ya fi bayyana a kan abin da mutum zai aikata. A ƙasar Hausa sunan ciwon kansa na ɗauke da fahimta: mutane da yawa na ganin daji ba ciwon asibiti ba ne, ba ya son allura, idan ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu. Mai wannan imani za ta ji ƙullutu a mamanta ta shafe watanni tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Ba abin mamaki ba ne da mafi yawan matan Nijeriya masu dajin mama ke isa asibiti a mataki na 3 ko na 4. Idan aka yi mata aiki a makare ta rasu, sai unguwa ta ce wuƙa ce ta kashe ta, imanin ya ƙara kafuwa. Ba za a ɗora komai kan imani ba: tsadar magani da nisan cibiyoyin gashi, irin ta asibitin koyarwa na Shika a Zariya, na korar wanda ma ya yarda da likita.

Masanin halayyar ɗan'adam Kenneth Pargament ya raba dogaro da addini gida biyu. Akwai wanda ke ganin ciwo jarrabawa ce, Allah yana tare da shi. Akwai mai ganin azaba ce ko an yashe shi. Na biyun shi aka fi samu cikin baƙin ciki da damuwa. Kalmar "ƙaddara" a bakin Bahaushe na iya zama ko wanne daga ciki. Wata za ta faɗe ta tana kan layin karɓar ruwan magani zagaye na 5, gashin kanta ya zube, wata kuwa za ta faɗe ta ne don ta tattara kayanta ta koma gida. Malaman Musulunci sun daɗe da bayyana cewa tawakkali ba ya kore neman magani. Saboda haka idan majinyaci ya ce ya bar wa Allah, aikin likita ko ma'aikaciyar jinya shi ne su tambaye shi a hankali me yake nufi, kafin su rubuta cewa ya ƙi magani.