Kafin Ka Ƙidaya Sojojin Igwa na Ko-ta-kwana na Birtaniya

In za ka binciki rundunonin igwa na sa-kai da Birtaniya ta haɗe cikin rundunar ko-ta-kwana ta Territorial Force a 1908, fara da sanin cewa sunan runduna ba ya zama wuri ɗaya. A 1916 an sauya wa birged-birged lamba, aka kuma yi ta musayar rukunonin igwa tsakaninsu. Don haka rubuta kowane suna da shekararsa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne yawan mutane. Adadin da aka tsara a takarda daban, waɗanda suka shiga daban, kuma kafin 1914 gurabe da yawa ba su cika ba. Takardun ƙungiyoyin gundumomi, masu ɗaukar sojojin, sun fi faɗin gaskiya.

Lambar soja ma shaida ce: a 1917 an raba sababbi masu alƙaluma shida, kowace runduna da jerinta.

Kada ka dogara da fayil-fayil na ɗaiɗaikun sojoji, domin wani harin bam a 1940 ya ƙone kusan kashi biyu cikin uku nasu. Nemi kundin yaƙi na WO 95 a ma'adanar tarihin Birtaniya da ke Kew.