TARIHIHIN ƁOYAYYAR DUKIYA DA ZANEN KAN DUWATSU A HAMADAR SAHARA

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1923 wani Bamisire mai suna Ahmad Hassanain Bey ya ratsa hamada a kan raƙuma har ya isa Dutsen Uwainat, inda iyakokin Masar da Libiya da Sudan suka haɗu. Mutanen da ya tarar a wurin suka shaida masa cewa akwai zanen aljanu a jikin duwatsun. Da aka kai shi, sai ya ga hotunan raƙuman dawa da jiminu da bareyi an sassaƙa su a kan dutse, a wurin da raƙumin dawa ba zai iya rayuwa ba a yau. A nan bayani biyu suka yi karo a kan abu ɗaya. Mazauna wurin suka ce aikin aljanu ne, baƙon kuwa ya ce aikin mutanen da ne, tun lokacin da ƙasar take da ruwa da ciyawa.

Manufar wannan muƙala ita ce nazarin dangantakar da ke tsakanin waɗannan zane-zane da labaran ɓoyayyar dukiya da suka yaɗu a Sahara. Za a ɗauki labarin birnin Zarzura a matsayin babban misali, a dubi zubinsa, a dubi abin da masu nemansa suka tarar, sannan a fito da darasin da ke ciki ga ɗalibin harshe da adabi.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Tarihihi, a fagen adabin baka, labari ne da yake da tushe a wani abu da ya taɓa faruwa ko wani wuri da ake iya nunawa, amma baki ya yi ta yi masa ƙari har ya cakuɗe da abubuwan al'ajabi. Bambancinsa da tatsuniya shi ne, mai tatsuniya ya san ƙirƙira yake yi, shi ya sa yake rufewa da ƙurunƙus, mai tarihihi kuwa so yake a gaskata shi.

Zanen kan dutse iri biyu ne. Akwai sassaƙe, wanda ake tsaga jikin dutse ko a daddaƙe shi da wani dutsen har siffa ta fito. Akwai kuma na shafe, wanda ake yi da launi, galibi jar ƙasa ko farar ƙasa da aka niƙa aka kwaɓa.

Ɓoyayyar dukiya kuwa ba baƙon abu ba ce ga wanda ya yi karatun fiƙihu. Rikazi shi ne dukiyar da mutanen jahiliyya suka binne, kuma wanda ya same ta zai fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar. Ke nan samun irin wannan dukiya abu ne da ya sha faruwa har shari'a ta yi masa hukunci. Abin da tarihihi ya ƙara a kai shi ne aljani mai gadi da alamar da ake cewa an bari a jikin dutse.

3.0 Tarihihin Zarzura

A Masar da Magrib neman binnanniyar dukiya ya taɓa zama sana'a. Ibn Haldun (1332-1406) ya ware fasali guda a cikin Muƙaddimarsa yana sukar masu yin ta. A ganinsa ba hanyar neman abinci ba ce ta hankali, kuma ya fallasa yadda 'yan damfara ke yawo da tsofaffin takardu na jabu suna karɓar kuɗin mawadata da sunan za a haƙo musu taska.

Cikin littattafan da masu wannan sana'a suka bari akwai wanda aka fi sani da Kitabul Kunuz, wanda ake danganta shi da ƙarni na 15, kuma masani Ahmad Kamal ya buga shi a Alƙahira a 1907 tare da fassarar Faransanci. Littafin jerin wurare ne da kwatancen yadda za a kai gare su. A cikinsa ne aka siffanta Zarzura da cewa farin birni ne a can cikin hamadar yammacin Kogin Nilu. A ƙofarsa akwai siffar tsuntsu, kuma mabuɗin ƙofar yana bakin tsuntsun. Wanda ya shiga zai tarar da dukiya mai yawa, da sarki da sarauniya suna barci, an kuma gargaɗe shi kada ya kusance su.

3.1 Zubin Labarin

In aka lura, za a ga labarin ya ginu a kan abubuwa huɗu:

(a) Wuri mai nisa wanda ba a isa gare shi sai da wahala.
(b) Alama a jikin dutse ko ƙofa, wadda sai mai sani ne ke gane ta.
(c) Mai gadi, ko aljani ko wani sarki da ba ya mutuwa.
(d) Sharaɗi, wanda karya shi ke jawo halaka ko ɓacewar dukiyar.

Ɗalibin Hausa ba zai ji baƙunta a nan ba, domin jigon tafiya neman wani abu mai wuyar samu a ƙasar aljanu shi ne ƙashin bayan Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934. Abu na (b) ne ya fi shafar wannan nazari, saboda ta nan ne zanen kan dutse yake shigowa cikin tarihihi. Duk wanda ya taso da jin cewa masu binne dukiya suna barin alama, ranar da ya ga hoton saniya ko tafin hannu a bangon kogo, zuciyarsa ba za ta kai shi ga makiyayin da ya zana ba, sai ga tukunyar zinariya. Sharaɗi na (d) kuma shi ke hana labarin mutuwa. In an haƙa ba a samu komai ba, ba a cewa babu dukiyar, sai a ce an saɓa sharaɗi ne aljani ya ɗauke ta.

4.0 Abin da Masu Neman Zarzura Suka Tarar

A 1835 wani Baturen Ingila, John Gardner Wilkinson, ya rubuta labarin da ya ji cewa wani Balarabe mai cigiyar raƙuminsa ya taɓa faɗawa wani dausayi da ba a san da shi ba a yammacin Masar. Wannan ya tayar da sha'awar Turawa. A 1930 wasu masu ratsa hamada da mota suka kafa ƙungiya mai sunan Zarzura a garin Wadi Halfa na Sudan. A 1932 wani mutumin Hangari, Laszlo Almasy, da abokan tafiyarsa suka hango kwaruruka masu itatuwa daga jirgin sama a tsaunin Jilful Kabir. Da aka shiga su daga baya, ba a ga birni ba, ba a ga zinariya ba. Abin da ke wurin itatuwa ne da makiyaya wadda Tubawa da sauran masu raƙuma ke kai dabbobinsu in an sami ruwan sama.

A nan za a ga ƙwayar gaskiyar da ke cikin tarihihin. Ga mutumin hamada, kwarin da ke da ciyawa a inda kowa ya ɗauka babu komai, dukiya ce da ta cancanci a ɓoye. Baki ne ya mai da makiyaya birni, ya mai da ciyawa zinariya.

A watan Oktoba na 1933 kuma Almasy ya ci karo da abin da bai fito nema ba. A wani kwari da yanzu ake kira Wadi Sura, wato kwarin hotuna, ya ga kogo mai ɗauke da siffofin ƙananan mutane kwance rub da ciki, hannuwa da ƙafafu a miƙe kamar masu iyo. Masana sun saɓa a kan fassararsu, wasu na ganin iyo ne na zahiri, wasu na ganin siffa ce ta tafiyar matattu. A 2002 aka sake gano wani kogon a kusa, mai ɗauke da dubban siffofi da tafukan hannu.

5.0 Abin da Duwatsun Ke Faɗi

Bincike ya tabbatar da cewa daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, yawancin Sahara ƙasa ce mai tafkuna da ƙoramu da ciyawa. A Gobero da ke Tenere a Nijar, inda aka fara bincike bayan gano wurin a 2000, an sami kaburbura tare da ƙasusuwan kifi da kada da dorina. A kogon Takarkori na Libiya an gano ɓurɓushin maiƙon madara a jikin tsofaffin tukwane, abin da ya nuna ana tatsar dabbobi a wurin shekara kusan 7,000 da suka wuce.

Manazarta sun kasa zanen Sahara zuwa zamuna, bisa ga abin da aka fi zanawa: zamanin manyan namun daji, irin su giwa da karkanda da dorina, zamanin mutane masu kewayayyen kai, zamanin shanu, zamanin doki, kimanin shekara 3,000 da suka wuce, sai zamanin raƙumi, kimanin shekara 2,000. Wanda ya bi jerin nan zai ga tarihin bushewar ƙasar da idonsa, daga dabbar da ba ta rabuwa da ruwa zuwa wadda ke kwanaki ba ta sha ba.

A Tasili Najjar ta Aljeriya kaɗai akwai zane sama da 15,000, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya a 1982. A Dabus, arewa da Agadas, akwai raƙuman dawa biyu da aka sassaƙa a kan dutse, babban ya kai tsawon mita 5.4, kowanne da wani layi da ya sauko daga bakinsa zuwa ga siffar wani ɗan ƙaramin mutum. A 1987 wani manazarci Bafaranshe, Christian Dupuy, ya fara rubuta bayaninsu, kodayake Azbinawan yankin sun daɗe da saninsu.

Su ma Azbinawa suna da nasu bayanin. A Azbin ana danganta rubutun Tifinag da zanen da ke kan duwatsu ga wani gwarzon da mai suna Aniguran, kuma suna kiran iskokin da ke zaune a kufai da sunan Kel Esuf, wato mutanen kaɗaici. Har Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, wannan batu bai bar shi ba. A 1850, a kan hanyarsa ta zuwa Agadas da Kano, ya kwafi wasu sassaƙe a kudancin Libiya, sannan ya yi gaban kansa ya hau Dutsen Idinan kusa da Gat, wanda mutanen wurin ke cewa fadar aljanu ce. Ya ɓata, ƙishirwa ta kusa kashe shi, sai da wani Ba'azbine ya bi sawunsa ya ceto shi.

6.0 Ɓarnar da Ake Yi

Kada a ɗauka cewa ƙirƙirar tarihihi aikin wanda bai yi boko ba ne kawai. Henri Lhote, Bafaranshen da ya jagoranci kwafar zanen Tasili a 1956 da 1957, ya laƙaba wa wata babbar siffa a Jabbaren sunan ubangijin mutanen duniyar Mirrihu. Wasu marubuta suka riƙe wannan suna, suka ce ai halittun wata duniya ne suka sauko Sahara. In an duba da kyau, wannan da zancen aljanu duk kanwar ja ce, domin kowannensu ya ƙwace aikin daga hannun mutumin Afirka da ya yi shi, ya miƙa wa wani.

Ɓarnar ba ta tsaya a fassara ba. Ayarin Lhote sun riƙa jiƙa zanen da soso don launi ya fito, abin da ya dusashe da yawa daga ciki. Bayan fitowar fim ɗin The English Patient a 1996, masu yawon buɗe ido suka yi ta tururuwa zuwa Wadi Sura, wasu suka rubuta sunayensu a bango, wasu suka ɓantari dutsen suka tafi da shi. A 2009 an fesa fenti a kan zane-zane da dama a Tadrart Akakus ta Libiya. Su kuwa masu neman dukiya, a kudancin Maroko da wasu sassan Sahara, suna tone tsofaffin kaburbura da gindin duwatsu masu zane. Ramin da suka haƙa a dare ɗaya yakan hargitsa ƙasar da za a auna a san shekarun wurin, kuma wannan ba ya gyaruwa. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

7.0 Darasi ga Ɗalibin Harshe

Na farko, tarihihi abin tattarawa ne, ba abin raini ba. Sunan wuri kaɗai yakan adana abin da mutane suka manta, don haka mai nazari ya rubuta sunan yadda masu wurin ke furta shi, ya tambayi ma'anarsa.

Na biyu, a rarrabe abin da aka gani da abin da aka ce. Mai bincike ya naɗi labarin kamar yadda aka faɗa, da bayanin inda aka faɗe shi da lokacin, sannan ya ajiye nasa sharhin daban.

Na uku, ba sai an je Sahara ba. A Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai zanen shanu a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda aka fara nazarinsu a shekarun 1950, tare da duwatsu masu amo in an buga su. Akwai irin wannan zane a Geji ta Jihar Bauchi. Ɗalibin da ke neman batun kundin digiri zai iya tattara labaran da dattawa ke bayarwa game da irin waɗannan wurare, ya auna su da abubuwa huɗun da aka jero a 3.1, ya ga wanne ya fito, wanne bai fito ba.

8.0 Kammalawa

Wannan muƙala ta nuna cewa in mutum ya ga alamar da bai iya karantawa ba, yakan cike gurbin da labari, kuma labarin ɓoyayyar dukiya yana cikin mafi saurin shiga zuciya. Tarihihin Zarzura bai kai kowa ga zinariya ba, amma ya kai masu nema ga shaidar cewa hamada ta taɓa zama gidan makiyaya da masunta. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka ɗauki tarihihi a matsayin kwatancen hanya, aka saɓi diga aka nufi dutse. Wanda ya fasa zane mai shekara dubbai don neman abin da ke ƙarƙashinsa, shi ne Bahaushe ke nufi da rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Aikin ɗalibin harshe shi ne ya adana labarin a takarda, ya kuma taimaka a bar zanen a inda masu shi suka bar shi.