Hawan Jini: Abin Da Na Gani A Jikwoyi

A hutun ƙarshen zango na sauka wurin kawuna a Jikwoyi, kan hanyar Karshi. Direba ne, kullum bayan asuba yana cikin cunkoson Nyanya. Wata rana muka shiga kemis sayen maganin mura, mai shagon ya ce, "Alhaji, kawo hannu in auna ka." Na'ura ta nuna 170/105. Kawu ya yi dariya, ya ce shi ko ciwon kai ba ya yi. To, mai karatu, haka cutar take. Takan shekara a jikin mutum ba alama, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, ko zuciya ta kumbura, ko ƙoda ta gaza.

Lambar sama ita ce ƙarfin da jini ke tunkuɗar bangon jijiyoyi idan zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa idan ta saki. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya kai 140/90 ko fiye, a ranaku biyu daban-daban. Don haka awo ɗaya bai isa hukunci ba. Kafin awon ma sai mutum ya zauna minti 5, ya jingina baya, bai sha taba ko kofi ba.

Mu Hausawa mun ɗora laifin duka a kan "tunani". Yana da nasa kaso, amma akwai gado, tsufa, ƙiba, zama wuri ɗaya, barasa da ciwon ƙoda. Babban abin da muke rainawa shi ne gishiri. Hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato kusan cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin lissafin har da magin miya, yajin tsire da kilishi. Ita ma kanwa 'yar uwar gishiri ce a wannan fanni. Da na ƙirga magin da ke shiga tukunyar gidan kawu, sai na yi shiru, don ni baƙo ne.

A asibiti aka sake awo, aka gwada jini da fitsari, likita ya rubuta amlodipine, ƙwaya ɗaya kullum, ya ce a rage gishiri, a riƙa tattaki na minti 30. Bayan wata biyu awo ya sauka zuwa 130/85. Sai kawu ya ce ya warke, ya ajiye magani, ya koma zoɓo da tafarnuwa. Maganin kuwa danne cutar yake yi, ba ya kashe ta. Da muka koma, awo ya haura 160.

Ashe kumburin ƙafa ne ya dame shi, wanda amlodipine kan jawo wa wasu. Likita ya ce, "Alhaji, ai da ka faɗa mini." Ya canja masa wani. Yanzu kwalin yana kusa da makullin mota.