Zanen Halittun Ruwa da Allin Fastel: Darasi Daga Tarwada da Karfasa

Ɗalibin zane da ke Dutse, wanda ɗaruruwan kilomitoci suka raba shi da teku, yakan fara koyon zanen halittun ruwa ne ta hanyar kwaikwayon hotunan kifin shak da dolfin daga intanet. Illar hakan ita ce, mai ɗaukar hoton ya riga ya yanke masa hukunci a kan haske da launi, don haka hannunsa ne kawai ke aiki, idonsa bai koyi komai ba. Wannan nazari na ganin cewa tarwada da karfasa na madatsar ruwan Warwade sun fi waɗannan hotuna amfani ga mai koyo.

Allin fastel mai laushi garin launi ne da aka dunƙule da ɗan abin ɗauri kaɗan, wani lokaci ƙaro, irin wanda ake samu a arewacin Jigawa. Ya yi fice a Turai a hannun Rosalba Carriera (1673–1757) ta ƙasar Italiya. Saboda ƙarancin abin ɗaurin, launinsa na fitowa rau, amma ba ya kama takarda mai santsi. Sai an nemi mai kaushi, kuma gara mai launin ƙasa ko kore mai duhu, domin ruwan wannan yanki ba shuɗi ba ne; laka da ciyawa ne ke ba shi launi.

Ƙa'idar aikin ita ce a fara da duhu, a ƙare da haske. Akasarin kifaye bayansu duhu ne, cikinsu fari, abin da ke ɓatar da su ga mai kallo daga sama ko daga ƙasa. Shak da dolfin ma haka suke, saboda haka wanda ya gane wannan tsari a jikin tarwada ya gane shi a jikin dabbar teku. Tarwada ba ta da ɓawo, fatarta santsi ce mai yauƙi. Ana shimfiɗa ruwan toka mai duhu a bayanta, a murza da yatsa zuwa ciki, sa'an nan a ɗora farin layi guda ɗaya mai kaifi inda haske ya faɗa, a bar shi ba a taɓa ba. Wannan layin ne ke nuna jiƙa. Da zarar an murza shi, kifin ya koma busasshe. Ga ta kuma da juriya, tana iya shaƙar iska, tana daɗewa da rai cikin baho. Wannan na da muhimmanci, domin launin kifi na dusashewa bayan mutuwarsa.

Karfasa ta fi wuya. Mai koyo yakan zauna ƙirga ɓawo ɗaya bayan ɗaya, har zanen ya zama kamar tabarma. Ya isa a nuna 'yan kaɗan inda jiki ya lanƙwasa, a bar ido ya cike sauran.

Akwai kuma batun adanawa. Fastel ba ya bushewa kamar fenti, yana nan gari a kan takarda, kuma ƙurar hunturu in ta sauka ba ta goguwa ba tare da an ɓata zanen ba. Ruwan feshin da ke kafe shi yana rage hasken launi, don haka ya fi kyau a sa zanen cikin gilashi, da kwali tsakani, yadda gilashin ba zai taɓa shi ba.