Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Wasu Ƙasashe Masu Arziki Suka Fi Wasu Hayaƙi?

Tambaya: Na ji an ce ko a cikin ƙasashe masu arziki, wasu sun fi wasu gurɓata iska nesa ba kusa ba. Yawan arzikin ne ke jawo haka, ko kuwa cinikayyar duniya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, abin da ka ji haka yake. In aka raba hayaƙin kabon da ƙasa ke fitarwa a shekara bisa yawan jama'arta, kowane Ba'amurke zai tashi da kusan tan 14, haka ma ɗan Kanada da ɗan Ostireliya. Bafaranshe kuwa bai kai tan 5 ba, ɗan Suwidin bai kai 4 ba. Ka ga duk cikinsu babu ƙasar da za a ce talaka ce.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka raba su shi ne inda suke samo wutar lantarki. Bayan tsadar man fetur ta 1973, Faransa ta duƙufa wajen gina tashoshin nukiliya, yau kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga nan yake fitowa. Suwidin na dogara da madatsun ruwa da nukiliya, kuma tun 1991 ta ɗora wa hayaƙin kabon haraji. Ostireliya har yanzu kwal ne ya fi ba ta wuta. A Amurka kuwa an shimfiɗa unguwanni da yawa ta yadda ko burodi za ka saya sai ka tayar da mota, motar ma babba.

Bunƙasar tattalin arziki ba lallai ta zo da ƙarin hayaƙi ba. Birtaniya ta rage nata da kusan rabi daga 1990 zuwa yau, tattalin arzikinta na ƙaruwa, kuma a Satumban 2024 ta rufe tasharta ta ƙarshe mai ƙona kwal.

Sai dai a nan cinikayyar duniya ke shigowa, kuma nan ne abin ke damuna. Ana rubuta wa ƙasa hayaƙin da ya tashi a cikin iyakarta ne kawai. Tun da Sin ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya a 2001, kaya masu yawa da Turawa ke amfani da su, daga ƙarfe zuwa tufafi da wayar hannu, a can ake ƙera su. Mai saye na Landan, hayaƙin kuma na littafin Sin. Suwizalan misali ce: hayaƙinta na cikin gida kaɗan ne, amma in aka haɗa da na kayan da take shigowa da su, ya ninka fiye da sau biyu. Birtaniya ma ko da wannan lissafi ta rage, amma ragin bai kai yadda ake yayatawa ba.

Saboda irin wannan matsala, tun Oktoban 2023 Tarayyar Turai ta fara tilasta wa masu shigo da siminti, ƙarfe, sanholo da takin zamani su bayyana hayaƙin da aka fitar wajen haɗa su, domin a riƙa karɓar kuɗi a kansa a bakin iyaka.