Abin da Kuɗin Tara Ke Saya wa Yaranmu

A Kwamba ta Suleja, kafin gari ya gama wayewa iyaye da yawa sun riga sun fita neman motar Abuja. Uwa ta shirya yaro a gurguje, uba ya miƙa masa kuɗin tara, kowa ya kama gabansa. Abin da kuɗin nan ke saya a bakin makaranta shi ne ke damuna: alawa, biskit, cingam da ruwan zaƙi mai launi a ƙulle cikin leda. Cikin yaro ya yi shiru na ɗan lokaci, kafin azahar yana ta hamma malami na bayani. Sai a ce ba ya ja, alhali yunwa ce ke cinsa. Ai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wasu na jiran gwamnati. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, wanda Jihar Neja ta shiga, 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamaren gwamnati kaɗai ya shafa, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka mayar 100. A watan Janairun 2024 aka dakatar da shi. Ko yana tafiya daidai, ci ɗaya ne a yini, kuma ɗan aji huɗu da ɗan makarantar kuɗi ba sa ciki. Nauyin yana wuyanmu.

Kada yaro ya fita bai karya ba. Koko da ƙosai, kunun gyaɗa, ko ɗumamen tuwon jiya da miyar kuka, duk sun fi shayi da burodi riƙe ciki. Shayi ma yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini idan an sha shi tare da abinci. Uwar da ke sammako ta yi gasararta tun dare, da asuba damawa kawai za ta yi.

Abin da za a tafi da shi kuwa, ni wake nake sawa a gaba. Nama ya yi tsada, amma idan wake ya haɗu da hatsi, jikin yaro na samun abin gina shi. Yau alala, gobe garau-garau, jibi ɗanwake ko awara. Doyar da manoman Gbagyi ke kawowa kasuwannin Suleja da Madalla, a dafa ta a haɗa da wake ko ƙwai ɗaya, kada a ba yaro gayanta. A barbaɗa garin ƙuli-ƙuli a kan zogale. A jefa lemo, ayaba ko gwaiba guda, duk wanda ake yayinsa, don shi ne mai araha. Lemo yana kuma taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin jinin da ke cikin wake. In za a sayi man gyaɗa na kamfani, a duba tambarin ido a jikin galan, alamar an ƙara masa bitamin A ce.

Lemon kwalba fa? Ƙaramar kwalba ɗaya na iya ɗauke da sukari kusan cokalin shayi takwas. A bar shi sai ranar biki. Gorar ruwa mai tsabta daga gida ta wadatar.

Zafin garin nan ba ya raga wa dafaffen abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin firiji ba. Saboda haka a zuba shi da zafinsa a kula mai murfi, a gaya wa yaro ya cinye lokacin tara, kada ya ajiye sai an tashi. A daina ƙulla abinci mai zafi a leda. A koya masa wanke hannu da sabulu kafin ya buɗe kular.

Wanda ba shi da halin girki da safe, ga dabara: ya je da kansa ya ga masu sayar da abinci a makarantar. Ya duba ko a rufe abincin yake, ina ake ɗebo ruwa, ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke taɓa ƙosai. Idan ya gamsu da wata, ya biya ta kuɗin mako gaba ɗaya, ta riƙa zuba wa yaron kullum. Ta haka kuɗin ba zai bi ta wurin mai alawa ba.

Iyayen Kwamba, a taron iyaye da malamai mai zuwa ku tayar da maganar nan, ku roƙi hedimasta ya tantance masu talla a bakin ƙofa, a kuma ajiye bokitin ruwa da sabulu kusa da inda yara ke cin abinci.